Kaza a Kan Dami: Ɗafin -logy da Masu Cewa Hausa Ba Ta Iya Ɗaukar Kimiyya

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin ƴan boko, daga Yamai har Kumasi, daga Garwa har Njamena, wai Hausa ba za ta iya ɗaukar kimiyya ba domin ba ta da ɗafa-ƙeya irin ta harsunan Turai. Hujjarsu guda ce. Ingilishi yana da -logy, Faransanci yana da -logie, da zarar wani sabon fanni ya ɓullo sai a liƙa masa wannan wutsiya, suna ya samu. Bahaushe kuwa, in ji su, sai ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya ambaci abin da wani ya faɗa da kalma ɗaya. Daga nan sai su yanke hukunci: a ari kalmomin yadda suke, a ce bayoloji, jiyoloji, saikoloji, kowa ya huta.

Da a ce maganar hira ce kawai a gindin bishiya, da an ƙyale ta. Amma lokaci ya sauya. Tun 1973 aka fara gwajin koyarwa da Hausa a makarantar boko a Damagaram, kuma a watan Maris na 2025 kundin da hukumomin Nijar suka zartar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya mayar da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Ɗaliban Hausa na yau su ne za su rubuta littattafan makaranta na gobe, su fassara labarun lafiya da na noma a gidajen rediyo, su zauna a kwamitocin tsara kalmomi. Abin da suka yarda da shi game da wannan ƙaramin ɗafi shi ne zai shiga kan allo a gaban yara. Saboda haka ya wajaba a tone asalinsa, a ga ko ya cancanci wannan girmamawa da ake yi masa.

Asalin ɗafin

Tushen -logy kalmar Girkanci ce, logos, wadda ta fito daga aikatau legein. Wannan aikatau yana da ma'anoni da suka jeru kamar tsani: tsincewa ko tattarawa, sannan ƙidayawa, sannan faɗa. Wanda ya tattara abu yakan ƙirga shi, wanda ya ƙirga kuma yakan ba da bayaninsa. Shi ya sa logos ta ɗauki ma'anar magana, da bayani, da lissafi, da hujja, har da hankali.

Girkawa sun riƙa haɗa wannan saiwa da wani suna domin su ambaci mutum. Theos na nufin abin bauta, theologos kuwa mai magana a kan abin bauta. Astron tauraro ne, astrologos mai bayani a kan taurari. Physis ɗabi'ar duniya ce, kuma Aristotil ya kira masanan da suka gabace shi physiologoi, wato masu bayani a kan ɗabi'ar abubuwa. Daga sunan mutumin ne aka samo sunan aikinsa, ta hanyar ƙara -ia, ɗafin da ke samar da sunan abin da ba a gani ko taɓawa: theologia, astrologia, physiologia. Kalmar theologia tana cikin rubutun Aflatun, fiye da shekaru 2,300 da suka wuce. Daga Girkanci kalmomin suka shiga Latin da siffar -logia, Faransanci ya mayar da ita -logie, Ingilishi kuma ya karɓa ya rubuta -logy.

A lura da abu biyu. Na farko, wasalin o da ake ji a bayoloji ko jiyoloji ba na ɗafin ba ne. Wasali ne mai haɗa gaɓoɓin kalma biyu, shi ya sa genealogy, wato bin salsala, ta zo da a, domin tushenta genea ne. Na biyu, kuma nan ne gizo ke saƙa, -logy a asalinsa ba ɗafi ba ne. Cikakkiyar saiwa ce mai ma'ana, wadda ta zauna a gurbi na biyu cikin harɗaɗɗiyar kalma. Yawan amfani, da kuma jahiltar Girkanci a wurin masu aron, su suka sa ta zama kamar wutsiyar da ake liƙawa. Bagirke na zamanin da, idan ya ji theologia, kalmomi biyu yake ji, kamar yadda Bahaushe ke jin biyu a cikin gidan sauro ko farar hula.

Yawancin sunayen fannonin da ake fahariya da su ma ba tsofaffi ba ne. A 1802 ne Lamarck a Faransa da Treviranus a Jamus suka yaɗa kalmar biologie, daga bios, rayuwa. A 1866 Ernst Haeckel ya ƙera sunan fannin da muke kira ilimin muhalli, daga oikos, wato gida. Auguste Comte ya fito da sociologie a ƙarshen shekarun 1830, bayan ya daɗe yana kiran fannin da wani suna mai kalmomi biyu, kuma masana harshe sun yi ta kushe kalmar domin rabinta Latin ne, rabinta Girkanci. Mutane ne suka zauna suka harhaɗa waɗannan sunaye da kayan da ke hannunsu, wasu suka yi kyau, wasu suka zo a karkace.

Abin da Hausa take da shi

Idan biologie tana nufin bayani a kan rayuwa, to mene ne bambancinta da ilimin halittu? Bambancin jeri ne kawai. Girkanci yana sa jigon harɗaɗɗiyar kalma a ƙarshe, Hausa tana sa shi a farko, ta ɗaure shi da abin da ke biye ta hanyar gajeriyar mallaka, -n ko -r. Bagirke ya ce rayuwa-bayani, Bahaushe ya ce ilimin halittu. Wanda ya nemi ɗafa-ƙeya a Hausa domin wannan aiki ya yi kama da wanda ya je neman ƙofar ɗaki a bayan ɗaki, bai gan ta ba, ya dawo yana rantsuwa cewa ɗakin ba shi da ƙofa.

Wannan tsari kuwa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Shekaru aru-aru kafin zuwan boko, almajirai a zaurukan Katsina da Kano da Agadas suna karanta ilimin nahawu, ilimin sarfu, ilimin tauhidi, ilimin hisabi, ilimin falaki. Sun gaji tsarin daga Larabci, wanda shi ma jigonsa a farko yake: ilmul ahya'i, ilmun nafsi, ilmul ijtima'i. Masu fassarar Bagadaza na ƙarni na 9 sun fuskanci irin matsalarmu ido da ido, da littattafan Girkawa a gabansu. Wasu kalmomin sun are su, kamar falsafa. Amma da suka zo kan fannin hujja, wanda Girkawa suka samo sunansa daga logos, sai suka fassara ma'anar, suka ce manɗiƙ, daga saiwar da ke nufin furuci. Malaman zaure har yau manɗiƙi suke cewa. Ashe logos ta daɗe da isowa ƙasar Hausa a fassare, tun kafin a kawo mana ita a are.

Sauran al'ummu ma haka suka yi. Jamusawa suna da Erdkunde, sanin ƙasa, da Sprachwissenschaft, ilimin harshe. Mutanen Holan suna kiran lissafi wiskunde, kimiyyar sinadarai scheikunde. Turkawa suna liƙa bilim, wato sani, su ce dilbilim ga ilimin harshe. Sinawa da Japanawa suna ƙare sunayen fannoni da harafi ɗaya mai nufin karatu, kuma da waɗannan sunaye suke horar da injiniyoyi da likitocinsu. Babu wanda ya taɓa cewa Japan ta kasa ƙera mota domin ba ta ce bayoloji ba.

Mu ɗaliban Hausa muna da shaida a cikin jakarmu. Littafin keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa da Ɗalhatu Muhammad ya tace, wanda ya fito a 1990, da littattafan masana irin su M.A.Z. Sani, sun tabbatar mana da tsarin sauti, ƙirar kalma, ginin jimla, ilimin furuci, ilimin ma'ana. Da waɗannan kalmomi ake rubuta kundayen digiri har na uku. Fannin da ya iya bayyana naso da ganɗantawa da karin sauti da Hausa tsantsa ba shi ne zai tsaya yana roƙon wutsiya a ƙofar wani ba. Hausawa sun ce rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami.

Aron da ke raba kan harshe

Masu son aro sukan ce kalmomin nan na duniya ne, kowa ya san su. To, daga wane baki za a ara? Ɗalibin Kumasi ko Kano ya ji kalmar a bakin Ingilishi, sai ya rubuta saikoloji. Ɗalibin Maraɗi ko Marwa ya ji ta a bakin Faransanci, inda ake furta p na farko, sai ya rubuta pisikoloji. Na farko ya ce bayoloji, na biyu ya ce biyoloji. Wannan ya ce haidiroloji, wancan ya ce idiroloji. Fannin kula da lafiyar mata, a can gainakoloji, a nan jinekoloji. Bahaushen Mai Wurno a Sudan, wanda ya yi karatu da Larabci, idan zai ara sai ya ce jiyulujiya. Kalmar da aka ce ta duniya ce, ga ta ta tsage gida uku tun ba ta shiga ƙamus ba.

Mun riga mun ga irin wannan rabuwa a kalmomin yau da kullum: likita da lokotoro, biro da bik, makaranta da lakwal. A kasuwa ba ta da illa, mutane sukan gane juna su yi dariya. A littafin koyarwa kuwa illarta babba ce, domin littafin da aka buga a Zariya ba zai karantu a Tawa ba sai da tafinta. An yi taron Bamako a 1966, an yi na Yamai a 1980, duk domin a kusanto da rubutun Hausa wuri ɗaya. Wauta ce a sha wahalar daidaita haruffa, sannan a bar sunayen fannonin ilimi su rabu bisa iyakokin da Ingila da Faransa suka shata. Ilimin halittu kuwa ilimin halittu ne a Damagaram, a Garwa, a zangon Kumasi, a Mai Wurno. Ita ce kalmar da ta fi cancantar a kira ta gama-gari a wurin Hausawa.

Ga kuma asarar fahimta. Yaron da aka ce masa yau za a fara ilimin tsirrai ya riga ya san inda aka dosa, kuma zai iya tuna abin da ya gani a gonar mahaifinsa. Wanda aka ce masa botani sai ya haddace sauti shida marasa ma'ana, ya ɗauka cewa abin da za a koya ba shi da alaƙa da gero da dawa. Daga irin wannan ne yaro yake fara ɗaukar kimiyya a matsayin sirrin wasu mutane.

Masu ƙera sabuwar wutsiya

Akwai wani ɓangare da kishin harshe ya kai su ga wani kuskuren na daban. Sun yarda da masu aro cewa lallai sai da ɗafa-ƙeya, sai dai suna son ta zama ta gida. Idonsu yakan faɗa kan -anci, su ce me zai hana a ce halittanci ko tauraranci. Abin da zai hana shi ne ɗafin yana da aikinsa tun tuni. Yana nuna harshe ko karin harshe, kamar Turanci da Sakkwatanci. Yana nuna sana'a ko matsayi, kamar kasuwanci, likitanci, shugabanci. Yana nuna hali, kamar iskanci da sakarci. A duk waɗannan, mutum ne ke aikata abu ko yake magana ta wata hanya. Likitanci aikin likita ne, ba nazarin likitoci ba. Kunnen Bahaushe idan ya ji tauraranci zai ɗauka ana nufin halin taurarin fim. Haka -ntaka da -ta, su ma yanayi suke nunawa, kamar yarantaka da bauta. Ɗora wa ɗafi nauyin da ba nasa ba yana lalata tsohon aikinsa, kuma ba ya gyara sabon.

Ba kowane -logy ne ilimi ba

Wanda ya san asalin ɗafin yana tsira daga wani tarko da masu fassara suke yawan faɗawa. Tun da logos tana da ma'anoni da yawa, ƴaƴanta ma sun bambanta. Trilogy jerin littattafai ko wasanni uku ne. Tautology maimaita magana ce ba tare da ƙarin ma'ana ba. Eulogy yabo ne. Apology a asali jawabin kare kai ne, daga baya ta koma neman afuwa. Anthology kuwa ta riƙe tsohuwar ma'anar tsincewa: anthos fure ne, kalmar tana nufin tsinto furanni, wato zaɓaɓɓun rubuce-rubuce da aka tattara. Duk wanda ya fassara ɗaya daga cikinsu da ilimin kaza ya yi ɓaranɓarama.

Wasu kuma sun fara a matsayin sunan fanni, sannan suka zame. Destutt de Tracy ya ƙera idéologie a 1796 da nufin ilimin nazarin tunani, amma yau aƙida take nufi. Terminology keɓaɓɓun kalmomi ne. Technology ta fito daga techne, gwaninta ko sana'a, kuma Hausa ta ba ta fasaha, kalmar da a Larabci take nufin iya magana. Abin sha'awa ne yadda magana da gwaninta suka sake haɗuwa a nan ba tare da an shirya ba.

Har a sunayen fannoni na gaskiya, Ingilishi da Faransanci sukan cakuɗa abu da nazarinsa. Phonology tana nufin yadda sautukan harshe suke a tsare, tana kuma nufin fannin da ke nazarin hakan. Hausa ta raba su sarai: tsarin sauti daban, ilimin tsarin sauti daban. Idan aka yi maganar geology na Abzin, duwatsun yankin da yadda suka jeru ake nufi, ba wani darasi ba. A nan dogon sunan Hausa ya fi gajeren na Turai fayyace zance.

Sannan ɗafin ba hatimin gaskiya ba ne. A tsohon Girkanci astrologia tana ɗauke da lissafin tafiyar taurari da kuma duba da su. Daga baya aka bar wa masu lissafi astronomy, daga nomos, doka ko ƙa'ida, masu duba kuma suka riƙe astrology. Ga -logy a jikin kalma, amma abin da take nufi ba kimiyya ba ne.

Hujjojin da suka cancanci amsa

Sun ce sunayen Hausa sun yi tsawo. A ƙirga. Bayoloji gaɓa huɗu ce, ilimin halittu shida. Saikoloji huɗu, ilimin halayyar ɗan Adam tara. An yarda, akwai tsawo. Amma baki yana da hanyar rage wa kansa wahala. Babu almajirin da ke cewa zai je darasin ilimin nahawu, nahawu kawai yake cewa, kamar yadda ake cewa lissafi da tarihi. Ɗaliban ƙasashen Larabawa ma ahya'u kawai suke kiran darasin halittu. Idan kalma ta zauna, taƙaita ta ba ya wuya.

Sun ce daga biology ana samun biologist da biological, Hausa fa? Masanin halittu yana nan, manazarcin harshe yana nan, duka daga tsarin ma- da -i wanda ya ba mu manomi da maƙeri. Siffa kuwa na da ta sun ishe ta, kuma sau da yawa Hausa tana da kalmar da ta fi dacewa. Uban da Ingilishi ke siffantawa da biological, mu mahaifi muke ce masa, mu wuce.

Sun ce ɗalibi zai rubuta jarrabawa da Faransanci ko Ingilishi, zai kuma karanta littattafan waje. Gaskiya ne, kuma dole ya koyi kalmomin waɗannan harsuna da rubutunsu na ainihi. Sai dai bayoloji da aka rubuta da haruffan Hausa ba za ta taimake shi a takardar jarrabawa ba, domin ba haka ake rubuta ta a can ba. Abin da zai taimake shi shi ne a koya masa cewa bio rayuwa ce, geo ƙasa ce, hydro ruwa ne, -logy kuma bayani ne ko ilimi. Wanda ya san haka zai iya warware kalmomi masu yawa da bai taɓa gani ba, kuma zai gane cewa abin da ke cikinsu daidai yake da abin da ke cikin na Hausa.

Ba aro gaba ɗaya ake yaƙa ba. Hausa ta ari ilimi, ta ari kimiyya, ta ari fasaha, duk daga Larabci, ta kuma ari kwamfuta da intanet da oksijin. Sunan sabon abu wanda ba mu da shi, a are shi ba laifi. Abin ƙi shi ne aron kalmar da aka harhaɗa daga ma'anoni biyu da muke da su a gida, rayuwa da sani, ruwa da sani, ƙasa da sani. Kayan aro ba ya rufe katara, balle a ari abin da ke cikin rumbu.

Inda aiki ya rage

Masu goyon bayan sunayen Hausa su ma suna da gyara a gabansu. Na farko, a daina tara kalmomi kamar kayan amarya. Akan ji mai fassara ya ce ilimin kimiyyar nazarin halittu, kalmomi uku suna aikin ɗaya. Irin wannan ne yake ba masu aro abin faɗa. Ilimi ya isa ga sunan fanni, nazari ga aikin da ake yi a cikinsa, kimiyya kuma ga uwar fannonin baki ɗaya. Waɗanda suka riga suka zauna, irin su kimiyyar harshe da kimiyyar siyasa, a bar su yadda suke.

Na biyu, a warware sunayen da ke karo da juna. Ilimin taurari yana ɗaukar lissafi da duba a lokaci guda, alhali muna da ilimin falaki ga na farko, duban taurari ga na biyu. Kalmar ƙasa tana nufin turɓaya, da doron duniya, da yankin mulki, shi ya sa ilimin ƙasa yake rikicewa da labarin ƙasa. Ƙasar da ake haƙar yuraniyom a Arlit, ake haƙo mai a Agadem, tana bukatar suna tsayayye ga fannin da ke nazarin duwatsu da abin da ke ƙarƙashinsu. Ilimin duwatsu da ma'adinai ya fi kusa da abin da ake nufi. Kuma tun da kimiyya ta bar ma'anarta ta Larabci ta zama sunan dukkan fannonin, sai a tabbatar da ilimin sinadarai a gurbin da ta bari.

Na uku, wannan aiki ba na ƙasa ɗaya ba ne. Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, da Jami'ar Bayero ta Kano wadda cibiyarta ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006, da sassan Hausa na gidajen rediyo, su ne ya kamata su fitar da jeri guda wanda malamin Dogon Dutsi da na Gusau za su koyar da shi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Littattafan kimiyya da Hausa suna tafe, kuma sunan da aka fara bugawa a cikinsu shi ne zai zauna a bakin yara, ko mai kyau ne ko gurgu.

Kai ɗalibin Hausa, duk ranar da aka ce maka harshenka ba shi da -logy, ka tambayi mai maganar ma'anar logos. Idan ya sani, ya ba wa kansa amsa. Idan bai sani ba, ka fassara masa, sannan ka tambaye shi da wace kalma kakanninsa suke kiran nahawu da hisabi da falaki.